Takardar albashi a ƙunshin ƙosai: ina sharar ofisoshinmu ke zuwa?

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri zan ɗan ja zance, abin ya tsaya min a rai tun safe. Yau na aiki yaro ya sayo min ƙosai a bakin hanya wajen Jekadafari a nan Gombe. Ina buɗe ƙunshin sai na ga takardar da aka naɗe shi da ita ta biyan albashi ce ta wani ofishi. Sunayen mutane a jere, matakin albashi, lambar asusun banki, har da wanda ake cire wa bashi duk wata. Mai ya jiƙa rabi, amma sauran ana karantawa tsaf. Ba zan faɗi ofishin ba, kuma ba namu ba ne, sai dai da namu ne ma ba zan yi mamaki ba, don na san halinmu. Duk ƙarshen wata masinja ke tattara takardu ya kai bayan ofis ya cinna musu wuta, abin da bai ƙone ba iska ta yi gaba da shi. Ledar fiya wata kuwa kada a yi magana. Mu 14 ne a sashenmu, a wannan zafin jaka 2 ba ta kai mu la'asar, leda 40 ke nan a wuni. Duk a kwando ɗaya take haɗuwa da ragowar shinkafa da ɓawon ayaba da takarda. Akwai wanda ake ware shara a ofishinsu ko shagonsa? Ina so in kai wa oga shawara ranar Litinin, amma ba na so in je masa da fatar baki.

Ɗan Bolari: Wa alaikumus salam Hajiya. To ƙosan dai ya yi daɗi? 😂

Maman Sadik: Ɗan Bolari ka bar ni da abin da ya dame ni. Ƙosai na cinye, takardar kuma tana cikin jakata.

Baban Walida: Hajiya ni a ganina wannan ba aikin ma'aikaci ba ne. Ai don shara aka kafa GOSEPA, hukumar kula da muhalli ta Jihar Gombe. Mutum ya zo ofis da yunwa, albashi bai kai tsakiyar wata ba, sannan a ce ya tsaya yana tantance leda da ɓawon ayaba? Ana ta kai wa yake ta kaya.

Anti Rifkatu: Baban Walida, hukuma daga inda aka tara take kwashewa. Ba za ta shigo ƙarƙashin teburinka ta raba maka takarda da miyar kuka ba. Kuma ai ba tantancewa za ka yi ba, hannun da ka ɗaga ka jefa a wannan kwando shi za ka ɗaga ka jefa a na kusa da shi.

Gambo Mai Sikeli: Salamu alaikum manyanmu. Yau an taɓo inda nake ci, bari in sa baki. Shekarata ta 9 ke nan ina sayen kayan gwangwan da roba, kuma gaskiyar magana abin da ku ma'aikata kuke kira shara mu kaya muke kiransa. Matsalar guda ce, kuna lalata shi kafin ya iso hannunmu. Farar takarda busasshiya tana da kuɗi, masu yin takardar goge hannu da masu kiret ɗin ƙwai suna nemanta. Amma da zarar manja ko shayi ya zube a kai ta tashi aiki. Kwali haka, in ya sha ruwa nauyin banza ne. Gorar ruwan roba in kun juya ƙasanta za ku ga lamba 1 a cikin wata alama mai kusurwa uku. Ita ake matsewa a ɗaure a loda mota zuwa Kano ko Legas, a niƙa, a yi zaren da ake cusa wa filo da shi, wasu kuma a sake yin wata gorar. Jarka mai kauri lamba 2 ce, kujerar roba da bokiti yawanci 5. Ba a haɗa su wajen narkarwa, kowacce da zafin da take so, shi ya sa ake biyan yara su zauna suna warewa. Ledar fiya wata ma ana saye, ana wanke ta a niƙa a narkar, ta koma baƙar leda da makamantanta. Amma ba ta da nauyi, sai kun cika buhu kun danna da ƙafa kun sake cikawa kafin sikeli ya san da ita. Gwangwanin lemo kuwa ba ya kwana, masu zuba tukwane na jiransa.

Maman Sadik: Malam Gambo Allah ya saka da alheri. Wato in mun ware za ka zo har ofis ka ɗauka?

Gambo Mai Sikeli: In ya taru Hajiya. Ba zan turo yaro da kura saboda rabin buhu ba, wahalar ta fi ribar. Ku haɗa kai da ofisoshin da ke kusa da ku, a tsayar da rana ɗaya a wata. Kuma don Allah a tsiyaye ledar. Wasu sai su bar ruwa da yashi a ciki wai don ya yi nauyi, alhali mu ma mun san wannan wayon, ragewa muke yi.

Anti Rifkatu: Kafin a kai ga sikeli, akwai abin da nake so a duba. Hajiya, wa ya gaya miki ba a ware shara a ofishinku? Ana warewa, ke ce dai ba kya nan lokacin. A makarantar da nake aiki, matar da ke mana shara ƙarfe 6 na safe take zuwa. Kafin mu iso ta tsince duk gorunan roba ta wanke ta jera a buhu, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa ke saye a hannunta. Kwalayen da aka kawo littattafai a ciki mai gadi ke ɗauka. Da wannan ɗan canjin take biyan kuɗin Keke Napep ta koma gida. Yanzu in kika je kika ce wa oga akwai kuɗi a shara, gobe za a kafa kwamiti, a naɗa shugaba da ma'aji, kuɗin ya koma na shan lemo a taron kwamitin, ita kuma a bar ta da tsintsiya. Na ga an yi haka da idona a wani wuri. Matar da ta shekara da shekaru tana tsintar gora, rana ɗaya aka ce mata dukiyar ofis ce.

Ɗan Bolari: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Maman Sadik: Anti wallahi ban kawo wannan a raina ba. Baba mai sharar mu kullum da wani buhu a bayan ƙofar bayi, ni na ɗauka kayan sawarsa ne.

Malam Buba: Assalamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu, jikoki ne suka hana ni rubutu. Ni a sito na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, don haka bari in ja hankalin 'yata Maman Sadik kada neman gyara ya kai ta gaban kwamitin ladabtarwa. A ofishin gwamnati kaya iri biyu ne. Akwai abin da ma'aikaci ya saya da kuɗinsa ya sha ya yar, kamar gora da leda da gwangwani, wannan ba ruwan gwamnati da shi, a bar wa mai shara, haƙƙinsa ne. Akwai kuma abin da ke cikin littafin sito: karyayyar kujera, tsohuwar kwamfuta, fanka, taya, batir, kabad ɗin ƙarfe. Wannan ko ya ruɓe ba ki da ikon sayarwa, oganki ma ba shi da shi. Sai an kafa kwamitin da zai duba ya rubuta cewa kayan sun tashi aiki, a yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga baitulmali, a ba da rasit. Fayil kuwa ya fi haka tsanani, akwai wanda ba a taɓa halaka shi, akwai wanda sai ya cika wa'adinsa an kuma sami izini a rubuce. Abin da ke jawo takardar albashi ta isa wurin mai ƙosai shi ne ba wanda ke son wahalar bin wannan hanya, sai a jibge komai a wani ɗaki a kulle, gara da ɓera su ci rabonsu, ranar da aka buƙaci ɗakin a ce wa masinja ya san yadda zai yi da su. Shi kuma bawan Allah ya san yadda zai yi.

Maman Sadik: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. To zubabbun takardun yau da kullum fa, waɗanda firinta ta ɓata ko aka yi kuskure aka sake bugawa? Su ne suka fi yawa.

Malam Buba: Waɗannan ba fayil ba ne, amma in da sunan mutum da lambarsa a jiki, a lalata rubutun kafin su fita ƙofa.

Alhaji Mai Fotokwafi: Nan kuma fagena ne. Shagona yana kusa da jami'ar jiha, lokacin da ɗalibai ke buga aikin kammala karatu takardar da ke lalacewa a wuni sai ka tausaya min. Malami ya ja jan biro a shafi uku, ɗalibi ya dawo a sake buga babi guda. Da can mai tsire da mai awara nake ba wa kyauta, har ranar da wata yarinya ta zo tana kuka ta ga kwafin sakamakon jarrabawarta da hotonta a hannun mai gyaɗa. Tun daga nan na raba kwali biyu a ƙarƙashin tebur. Wadda bayanta fari ne kuma ba sirrin kowa, yarona ya yanka gida biyu ya danna mata fin, ta zama ɗan littafin rubuta lissafi, har masu shagunan layinmu suna zuwa karɓa. Wadda ke da suna ko hoto ko lambar banki kuwa injin yayyanka takarda na saya mata. Kafin in saya, a durom muke jiƙa su kwana biyu mu dama da muciya, ko aljani ba zai karanta ba. Kuma ku sani yanzu akwai doka, tun 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta ƙasa. Wanda ya karɓi bayanan mutum nauyin tsare su yana wuyansa, a kwamfuta suke ko a takarda.

Baban Walida: To ni duk wannan dogon Turancin, a ƙona mana a huta. Wuta ba ta barin sirri.

Nas Hauwa: Yaya Baban Walida, wuta ba ta barin ƙirji ma. Ka zo ka ga masu asma lokacin hunturu, ƙura a sama, hayaƙin bola a ƙasa. Takarda kaɗai ai da sauƙi, amma wa ke ƙona ta ita kaɗai? Da leda da robar abinci da kwalin tawadar firinta ake haɗawa, kuma a bayan tagar ofishin da wani ke zaune. Sannan tunda ana maganar gora, don Allah masu kemis da ƙananan asibitoci kada su ji ana cewa shara kuɗi ce su haɗa da sirinji da robar ƙarin ruwa da kwalaben allura. Waɗannan hanyarsu daban, akwai kwalin da aka tanada don allura. Yaron da ke tonon bola ba safar hannu gare shi ba, silifas ɗinsa ma a tsinke.

Ustaz Na Pantami: Jama'a ba wa'azi zan yi ba. Allah ya ce ku ci ku sha kada ku yi ɓarna, a Suratul A'araf yake. Ni abin da ya fi damuna a ofisoshi shi ne buga takarda ba dalili. Taron mutum 10, a buga wa kowa shafi 20 a fuska ɗaya, a tashi a bar su a kan kujera. An turo sanarwa ta WhatsApp kowa ya gani, sai kuma an buga an manna. Kafin a yi zancen inda za a kai shara a fara rage haifar ta. Sannan Layyar bara da muka yanka sa, abin da mahauci ya ciro a tumbinsa dunƙulen leda ne kamar an tufka igiya, sai da na kau da kai. Dabbobin nan a bolar bayan ofisoshinmu da kasuwanninmu suke kiwo.

Injiniya: Ustaz ya yi gaskiya. Ni na fi jin tsoron kayan da ba su da yawa amma suna da dafi. Yanzu kusan kowane ofis da shago ya sa sola, batir kuma shekaru kaɗan yake yi ya mutu. Irin mai nauyin nan dalma ce a cikinsa da ruwan batir. Masu saye suna ba da kuɗi mai kyau, shi ya sa ba ya zama, amma ku tambayi inda za a kai shi. In a bayan gida za a fasa shi da gatari a zubar da ruwan a ƙasa a narka dalmar a buɗaɗɗen wuri, kun sayar wa unguwa guba. Kowa ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Ya fi a mayar wa dilan da ya sayar muku da sabo ya rage muku kuɗi. Dogon ƙwan lantarki na da, mai farin haske, akwai zaiba a cikinsa, kada a bar yara su farfasa shi suna wasa. Baƙin man janareto kuma a tara a jarka, masu katako da masu injin niƙa suna nema, kada a tuttular a kwata.

Gambo Mai Sikeli: Injiniya ka faɗi gaskiya, a cikinmu akwai masu yin haka. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai ɓata-garin da ke cire murfin kwalbati da wayar wuta su kawo a matsayin gwangwan, su suka ɓata mana suna. A Borno ma a 2023 gwamna ya hana sana'ar tsintar ƙarafa. Shi ya sa ni na fi son ciniki da ofis ko shago, na san mai kaya, ya san ni, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu.

Baban Walida: Na ji duka. Amma ku gaya min, ledar ofis ɗaya me za ta rage a garin nan? Ku je Babbar Kasuwa da yamma ku gani, ko Tashar Dukku.

Injiniya: Yallaɓai kai da ke zaune a gangare bai kamata ka yi wannan tambayar ba. Gombe a kwari take, ƙasarta yashi ce, ruwa daga tudun yamma wajen Tumfure yake gangarowa ya ratsa gari. In leda da gora suka toshe kwalbati ɗaya, ruwan ba tsayawa zai yi ya jira ba, gefe zai ci, daga nan zaizayar ƙasa ke samun baki. Kwalbatin da ke gaban ofishinmu da kaina na sa aka buɗe kafin damina, abin da aka fitar ledar fiya wata ce da robar abinci, kuma ba kasuwa a layin, mu ne dai ma'aikata masu manyan riguna.

Anti Rifkatu: Kuma zancen ya wuce ra'ayi. A watan Yunin 2024 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince a daina amfani da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya a ma'aikatun tarayya. Legas ta hana farar robar zuba abinci tun Janairun shekarar. Ruwanda tun 2008 ta hana leda, Kenya 2017. Ko ba jima ko ba daɗe zai iso mu.

Ɗan Bolari: Anti a ma'aikatun tarayyar an daina shan fiya wata ke nan? Tambaya ce kawai 🙈

Anti Rifkatu: Kai dai ba ka rabo da tsokana. In an hana leda ba a kawo abin zuba ruwa ba, me mutum zai sha? Mu a ɗakin malamai karo-karo muka yi muka sayi randa biyu da mazubi mai famfo, kowa ya zo da kofinsa. Ruwan randa ma ya fi sanyi ranar da ba wuta.

Maman Sadik: To bari in faɗi abin da na tsara ku gyara min. Ba zan nemi a sayi sababbin kwanduna masu launi ba, don na san da an ce saye za a ce ba kuɗi, ko kuma a mayar da shi kwangila. Kwalin takardar firinta da muke yarwa shi zai zama na busasshiyar takarda. Buhu biyu a baranda, ɗaya na gora da gwangwani, ɗaya na leda. Kwandon da muke da shi ya zauna na ragowar abinci. Takarda mai sunan mutane a kabad ɗina za ta kwana har a lalata ta. Kayan sito ba zan taɓa ba, zan dai rubuta wa oga ya nemi a kafa kwamitin da Baba Buba ya faɗa. Kuɗin gora da leda kuma na Baba mai shara ne da abokiyar aikinsa, a rubuce, kada wani ya zo daga baya ya ce na ofis ne.

Malam Buba: Madalla. Ƙari ɗaya, kada ki fara da oga. Fara da shi mai sharar. In bai gane ba, da safe zai juye buhunan nan biyu da kwalin a baro ɗaya ya tura bola, ki zo ki tarar aikinki ya koma baya. Kuma rubutu a jikin buhu ba zai wadatar ba, ba kowa ke karanta boko ba. Ɗaure gora ɗaya a bakin buhun gora, leda ɗaya a bakin na leda.

Baban Walida: Zan zuba ido in gani. In ya yi wata uku ana yi, ni zan sayo muku buhunan.

Ɗan Bolari: Jama'a a ajiye wannan saƙon, kada ya goge.

Maman Sadik: Salam jama'a, na dawo da labari. Yau Litinin na yi sammako na riga kowa, na tarar da Baba mai shara yana jan ruwa. Da na fara yi masa bayani sai fuskarsa ta canza, ya ce Hajiya ko an kai ƙarata ne kan buhun nan? Da ƙyar na lallashe shi. Da ya gane, sai ya kai ni bayan bayi ya buɗe min. Gora daban, murafunta daban a wata leda, gwangwani a tattake, har da fin ɗin takarda da ya tara a gwangwanin madara. Ya ce abin da ke ba shi wahala kawai masu tofa goro da masu jefa ƙashin kaza a cikin kwando, sai ya sa hannu ya tono. Na ji kunya wallahi, don ƙashin ranar Alhamis nawa ne. Oga bai shigo ba tukuna, an ce yana taro. Malam Gambo, Baba ya ce in tambaye ka, murafun gora a haɗe kake saye ko daban?

Gambo Mai Sikeli: Daban Hajiya, robarsu ba ɗaya ba ce da ta gorar. Ki ce masa ya ci gaba yadda yake yi.